Hajar Da Ta Nutse A Ƙofar Kasuwa: Darasin Jirgin Elmina

Duk wanda ya taɓa safarar kaya tsakanin Kwatano da Malanbil, ko tsakanin Legas da Jibiya, ya san babu asarar da ta kai wadda ta auku a ƙofar kasuwa ciwo. Mota ta yi kwana da kwanaki a hanya, ta wuce shingaye lafiya, 'yan dako sun miƙe suna jira, dillalai sun fara ƙulla ciniki, sai kawai a ji ta kife a kwanar ƙarshe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Irin wannan asara ce ta faɗa wa wani kamfanin Turawan Holan a shekarar 1647. Jirgin ruwansa mai suna Groeningen ya taso daga Turai maƙare da haja, ya yi makonni a kan teku, har ya iso gaban garin Elmina da ke ƙasar Gana ta yanzu. Kamar yadda al'adar jiragen wancan zamani take, sai ya harba igwa domin gaida masu tsaron gari. Igwar ta fashe, wuta ta kama jirgin, ya nutse da kayansa a inda ake hango shi daga gaɓa.

Shekara 356 bayan haka, wato a 2003, masu binciken tarihi suka gano tulin kayan wani jirgi a ƙarƙashin ruwa a gaban Elmina, kuma bayan dogon nazari sun fi karkata ga cewa Groeningen ɗin ne. A shafinmu na yau za mu duba abin da aka samu a cikinsa, da yadda ake koyon nutso da karatun irin waɗannan kaya, da kuma dalilin da ya sa muke ganin zancen ya shafe mu 'yan kasuwa, duk da cewa yawancinmu tsakaninmu da teku tafiyar kwana biyu ce.

Elmina, tsohuwar tashar ciniki

Elmina gari ne na masunta a Yankin Tsakiya na Gana, kimanin kilomita 12 yamma da birnin Cape Coast. A shekarar 1482 Turawan Fotugal suka gina katafaren sansanin dutse a bakin ruwan garin domin sayen zinariya daga hannun fataken da ke kawo ta daga cikin ƙasa. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, ya zama hedikwatar cinikinsu a wannan yanki, har zuwa 1872 lokacin da suka miƙa shi ga Ingila. A tsawon waɗannan shekaru ɗakunan da aka gina domin ajiye haja suka koma kurkukun bayi masu jiran jirgi. Hukumar UNESCO ta sanya sansanin cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Abin lura a nan shi ne, manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓar Elmina. Sukan tsaya can nesa su jefa anga, sai masu kwalekwale na garin su je su yi ta jigilar kaya da mutane. Ashe ke nan tashar Elmina ta ainihi a kan ruwa take. Kuma kamar yadda ƙasan kowace tsohuwar tasha ke cike da abin da aka yar ko ya faɗi, haka ƙasan tekun nan yake cike da abin da jirage suka zubar na kusan shekara 400.

Tun daga 1985 wani masani mai suna Christopher DeCorse, na Jami'ar Syracuse da ke Amurka, yake tonon kufan tsohon garin Elmina, wanda Turawan Ingila suka rusa da igwa a 1873. Ɗalibinsa, Gregory Cook, shi ne ya kai binciken cikin ruwa a 2003, da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta Gana. Bai zo da wani babban jirgin bincike ba. Kwalekwalen masuntan garin ya shiga, ya ɗaura masa na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa tana zana hoton abin da sautin ya ci karo da shi. Na'urar ta nuna wajen alamu 70 da suka cancanci a duba. Ɗaya daga cikinsu, mai nisan kimanin kilomita biyu da rabi daga sansanin, a zurfin kusan mita 11, ita ce ta zama jirgin da muke magana a kai.

Abin da ke cikin lodin

Da masu nutso suka koma a 2005 domin aiki sosai, abin da hannunsu ya taɓa ba zai zama baƙo ga mai rumfa a kasuwar Kurmi ko ta Maraɗi ba. Akwai tasoshin tagulla masu yawa, an jera su wata cikin wata, ƙarama cikin babba, daidai yadda mai sayar da kwanuka ke jera nasa har gobe domin kada su ci waje. Akwai kwanonin kuza, da naɗin darma, da allurai na tagulla, da duwatsun wuya na gilashi. Akwai tulin mundayen tagulla, waɗanda a wancan zamani kuɗi ne a wasu sassan bakin teku. Sannan akwai igwoyin ƙarfe na tsaron jirgin. Akwai kuma farin wuri.

A kan farin wurin nan ne za mu ɗan tsaya, domin kuwa shi ne zaren da ya haɗa mu da wannan labari. Ba a tekunmu ake samun sa ba. A tsibiran Maldives da ke tekun Indiya ake tsince shi, jiragen Turawa su ɗauko shi su zagayo ƙarshen Afirka su kai Amsterdam ko Landan, a sake loda shi a wasu jiragen a kawo Afirka ta Yamma. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa, wato sama da shekara 50 bayan nutsewar Groeningen. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Manyan fatake kuwa da keso suke lissafi, wato jakar taberma mai cin wuri 20,000. Sai a 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi Nijeriya. Mundaye kuwa sun ci gaba da yawo a kudu maso gabashin ƙasar har 1949.

Kalmar kuɗi ma da muke faɗa safe da yamma, asalinta jam'in wuri ce. Naira da sefa da sidi duk sun zo sun same ta. Saboda haka idan mai nutso ya damƙo wuri a ƙasan tekun Elmina, kakan abin da ke aljihunmu ya damƙo.

Bugu da ƙari, lodin ya nuna wani abin da kowane ɗan kasuwa zai gane da wuri. Bature bai zo da tarkace yana yaudarar mutane ba, kamar yadda wasu ke ɗauka. Ya zo ne da abin da mai saye ya nema, da girman tasar da ake so da launin dutsen da ake yayi, domin ya san in ya kawo abin da ba a so, to zai koma da shi. Tun wancan lokaci mai saye ne ke juya kasuwa.

Kwalba ta kusa ɓatar da masana

Da farko masu binciken sun ɗauka jirgin na ƙarni na 19 ne, saboda sun samu kwalabe da tangaran na wancan zamani a kan tulin kayan. To amma a 2007 sai aka sake komawa wajen. Wasu ɗalibai biyu masu neman digirin digirgir, Rachel Horlings da Andrew Pietruszka, su ne suka ci gaba da aikin. Aka riƙa kafa bututu cikin yashi ana zaro abin da ke ƙasa, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu ya ga abin da ke cikinsa. Ta haka aka samo guntun katakon jirgin. Da aka auna shekarunsa a ɗakin gwaji, sai ya nuna tsakiyar ƙarni na 17. Kwalaben nan ashe baƙi ne: igiyar ruwa ce ta gangaro da su daga baya suka maƙale a jikin kayan. Daga nan aka koma kan takardun kamfanin Holan, aka ga labarin jirgin da ya nutse a 1647.

Wannan shi ne darasi na farko da ake koya wa mai son wannan fanni. Kayan tarihi ba ya magana shi kaɗai. Sai an san inda yake kwance, da abin da ke samansa, da abin da ke ƙarƙashinsa, sannan zai ba da shaida. Da wani ya riga ya je ya kwashe tasoshin nan ya sayar, ya yamutsa sauran, da ba za a taɓa bambance kayan jirgin da sharar da ta zo daga baya ba. Tamkar littafin bashi ne da aka yayyaga: ga takardu nan, amma ba wanda ya san wa ke bin wa.

Yadda ake koyon nutso

Nutso ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Sarkawa da Kabawa da masu ciro guga a rijiya sun daɗe suna yin sa, amma da numfashin ƙirjinsu suke shiga, minti ɗaya ko biyu su fito. Nutson da ake kira sukuba daban yake, domin mutum yana goye da tukunyar iska a bayansa, yana shaƙa ta wani bututu mai na'urar da ke rage ƙarfin iskar daidai da zurfin da yake. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka ƙera wannan na'ura a 1943. Iskar da ke cikin tukunyar irin wadda muke shaƙa ce, matse ta kawai aka yi har ninki 200. Sauran kayan aikin su ne gilashin fuska, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar da ake hura wa iska domin daidaita nauyi, da ɗamarar darma, da agogon da ke nuna zurfi da lokaci.

Manyan ƙungiyoyin da ke ba da shaidar nutso, irin su PADI da CMAS, suna da matakai. A matakin farko na PADI sai mutum ya nuna zai iya iyo na mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10. Daga nan sai karatu, da atisaye a ruwa mara zurfi, da shiga teku sau huɗu tare da malami. Yawanci kwana uku zuwa huɗu ake yi, kuma shaidar ba ta yarda mutum ya wuce mita 18 ba. Masu nutson nishaɗi, komai ƙwarewarsu, iyakarsu mita 40.

Abin da ake jin tsoro shi ne nauyin ruwa. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na tudu sau biyu. Idan ka tafi da gorar roba mai iska can, za ta motse ta koma rabi. Idan kuma a can ka cika ta ka taso da ita, iskar za ta kumbura ninki biyu. Huhun mutum ma haka yake. Shi ya sa dokar farko ita ce kada a taɓa riƙe numfashi, musamman wajen tasowa, domin huhu na iya fashewa. Doka ta biyu ita ce a taso a hankali. Wani sashe na iskar da ake shaƙa, wanda ake kira naitirojin, yana narkewa cikin jini a ƙarƙashin ruwa. Idan aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa cikin jiki, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma ajali. Don haka ake tsayawa minti uku a zurfin mita biyar kafin a fito, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 zuwa 18 da fitowa.

Haka kuma ba a shiga ruwa mutum ɗaya, sai da abokin tafiya, kuma da hannu ake magana. Ɗaga babban yatsa sama ba yabo ba ne a can, ma'anarsa mu tashi mu fita. Masu ciwon asma, ko zuciya, ko farfaɗiya, ko amosanin jini, wajibi ne su ga likita tukuna, kuma da yawansu ba za a ba su izini ba. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne.

Daga nutso zuwa karatu

Iya nutso bai mayar da mutum masani ba, kamar yadda iya tuƙi bai mayar da direba ɗan kasuwa ba. Fannin tonon kayan tarihi a ƙarƙashin ruwa ya kafu ne a 1960, lokacin da wani Ba'amurke mai suna George Bass, wanda masanin tarihi ne da ya koyi nutso domin aikin, ya tone wani jirgi a gaɓar Turkiyya bisa ƙa'idojin da ake bi a tudu. Jirgin ya nutse kimanin shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma lodinsa curin jan ƙarfe ne da fasassun kayan tagulla da za a narkar. Ashe sana'ar gwangwan ma ta daɗe.

Abin da ɗalibi ke koya shi ne haƙuri. Ana kafa igiya madaidaiciya a kan wajen, a raba shi gida-gida. Kowane abu sai an auna nisansa daga wurare sanannu da tef, a rubuta da fensir a kan allon roba, a zana shi, a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, kafin a taɓa shi. A 'yan shekarun nan ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna a haɗa su a kwamfuta su fitar da siffar jirgin gaba ɗaya. To amma wannan sai inda ruwa yake garau. A Elmina laka da igiyar ruwa sukan sa mutum bai ganin tafin hannunsa, sai dai lalube, ga ruwa yana kai shi yana komo da shi. Tukunyar iska kuwa da ƙyar take kai awa guda.

Fito da kaya shi ne ɓangare mafi tsada. Ƙarfen da ya sha gishiri shekaru aru-aru, idan ya bushe sai ya tsattsage ya zama gari. Katako kuma ya motse ya karkace. Dole a jiƙa su cikin ruwan daɗi ana canzawa na watanni ko shekaru, a bi su da magunguna. Jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 aka ɗago shi a 1961, sai da aka shekara 17 ana fesa masa magani. Wannan ne ya sa masana suka fi son a ɗauki kaɗan domin nazari, a bar sauran a inda yake. Yashin da ya rufe jirgin Elmina, a wani fannin, mai gadi ne.

Wa zai karanta mana?

A nan ne gizo ke saƙa. Masuntan Elmina ne suka tuƙa kwalekwalen, hukumar Gana ce ta ba da izini, amma waɗanda suka jagoranci nutson suka rubuta sakamakon, daga jami'o'in Amurka suka zo. Ba laifi suka yi ba, sun yi aiki mai kyau. Sai dai mu 'yan kasuwa mun san halin da mutum ke shiga idan wani ne ke riƙe masa littafin lissafi.

Ƙasar da ta yi fice wajen toshe wannan giɓi a yankinmu ita ce Senegal. A Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar, Farfesa Ibrahima Thiaw, wanda ya daɗe yana tonon tarihi a tsibirin Gore, ya koyi nutso da girmansa, ya kuma sa ɗalibansa maza da mata suka koya. Gore ɗan tsibiri ne mai nisan kimanin kilomita uku daga Dakar, tafiyar minti 20 a jirgin fito, kuma shi ma tsohuwar tashar cinikin bayi ce. Suna aiki tare da wani shiri mai suna Slave Wrecks Project, wato shirin neman jiragen bayi da suka nutse, wanda aka kafa a 2008. A 2022 shirin ya buɗe makarantar horo a Senegal, inda matasa daga Afirka da wasu ƙasashen da zuriyar bayi suke suka yi makonni suna koyon nutso da awo da adana kaya a ruwan Dakar da Gore.

Me ya sa jiragen bayi? Domin tasa da munduwa da wuri ba zinariya kaɗai suka saya ba, har da mutane. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 12 da rabi aka loda daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma kimanin jirage 1,000 ne suka halaka a wannan fatauci, amma kaɗan ne ƙwarai aka gano. Kada mu ɗauka abin bai taɓa mu ba. A farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa jihar Bahia ta Burazil, har suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807 da 1814.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da irin wannan aiki ke tonowa. Ranar 27 ga Disamba, 1794, jirgin Fotugal mai suna São José, ɗauke da bayi 512 daga Mozambik zuwa Burazil, ya fashe a kan duwatsu kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Mutum 212 suka mutu, waɗanda suka tsira kuma aka sayar da su a can. Masu neman dukiya sun ga wajen tun shekarun 1980, suka ɗauka wani jirgin Holan ne. Sai da masana suka samu sandunan ƙarfe da ake sawa a gindin jirgi domin ƙara masa nauyi, suka haɗa da takardun lodin da ke Lisbon, sannan a 2015 aka bayyana wa duniya ko wane jirgi ne. Mai neman zinariya zai ga waɗannan sanduna ya wuce. Mai karatu kuwa ya san an sa su ne saboda lodin mutane bai kai na kaya nauyi ba.

A sayar ko a adana?

Ba za mu yi kamar ba mu san akwai kuɗi a harkar ba. A 1986 an yi gwanjon kayan wani jirgin Holan mai suna Geldermalsen, wanda ya nutse a 1752 a ruwan Indonesiya. An sayar da tangaran sama da 150,000 a Amsterdam a kan miliyoyin daloli, kayan suka watsu a gidajen masu hali, wajen kuma ya lalace ba tare da an yi masa nazarin kirki ba. Irin wannan ne ya sa UNESCO ta fitar da yarjejeniyar kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa a 2001, wadda ta fara aiki a 2009. Ta ce duk abin da ya shekara 100 a cikin ruwa kayan tarihi ne, ba haja ba ne, ba a saye ba a sayarwa, kuma barin sa a inda yake shi ne zaɓi na farko. Nijeriya ta amince da ita a 2005, Benin a 2011, Togo a 2013, Gana kuma a 2016. Yarjejeniyar ba teku kaɗai ta shafa ba, har da koguna da tafkuna.

To ina ruwan ɗan kasuwar kan iyaka da wannan? Ruwansa shi ne, duk abin da aka sato daga ruwa ko daga ƙasa, sai ya ratsa kasuwa ya tsallake iyaka kafin ya isa hannun mai saye a Turai. Masu sayar da duwatsun wuya na da, da tsofaffin kayan tagulla, da masu auna gwangwan, su ne kan fara ganin sa. Idan aka kawo maka tulin mundaye da suka manne da juna, ko tasa mai ɓawon kifin teku a jiki, ka tambayi asalinta kamar yadda za ka tambayi takardun mota kafin ka saya. Dokokin ƙasashenmu sun hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma wanda aka kama da kaya a hannu shi ke amsa tambaya. Ribar kilo ɗaya na tagulla ba ta kai wannan wahala ba.

Ga matasanmu kuma, ƙofa a buɗe take. Ana karanta ilimin tonon kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Ibadan, da ta Gana da ke Legon, da ta Dakar. Wanda ya haɗa wannan karatu da iyo da lafiyar jiki, ya riga ya yi rabin tafiya. Alhazanmu da ke kashe dukiya wajen karatun 'ya'yansu, su sani wannan ma fanni ne da yankinmu ke ƙishirwar masu shi. Wanda kuma fatauci ya kai shi Dakar yake son gani ya kori ji, akwai cibiyoyin koyar da nutso a can, kuma akwai jiragen zamani da suka nutse da ake kai masu shaida su gani. Sharaɗin guda ne: a duba da ido, a bar komai a inda aka same shi.

Kakanninmu sun yi ta kai da komo tsakanin Kano da Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro, suna ƙirga wuri a ƙasa biyar-biyar, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka bar mana lissafinsu a rubuce. Wani sashe na tarihin wannan ciniki yana kwance a ƙarƙashin yashi a gaban Elmina da Gore da sauran tsofaffin tashoshi. Masu Groeningen sun yi asarar hajarsu tun 1647. Idan muka bari aka narkar da abin da ya rage, asara ta biyu tamu ce.

Allah ya tsare mana dukiyarmu a tudu da ruwa, ya sa mu gama lafiya.